Yadi Shida Ruwan Ɗorawa

Na zo Ikko da akwati ɗaya
da riguna huɗu, duk ruwan toka.
Tun a Kontagora nake ranƙwafawa,
don tsawona ya riga ni girma.
Yaran layinmu na kirana Falwaya,
sai na koyi tafiya kamar mai neman allura a ƙasa.

Shekara biyu ina bin danfo
daga Agege zuwa Idi-Araba,
in maƙale a lungun kujera,
in naɗe ƙafafuna kamar tabarma.
Kwandasta bai taɓa tuna canjina ba,
ni ma ban taɓa tambaya ba.

Na gwada zama wata.
Na je Katangowa ranar fasa dila,
na tsinto kwat irin ta 'yan banki,
hannunta ya tsaya a rabin hanya
kamar mai jin nauyin ƙarasawa.
Na ari ɗaurin Bisola maƙwabciyata,
ya tashi a kaina kamar jirgin ruwan Apapa.
Madubi ya dube ni ya yi shiru,
irin shirun da ake wa baƙon da ya yi ɓatan kai.
Dama Inna ta sha faɗa:
zanen aro ba ya rufe katara.

Wata Asabar ruwa ya kora ni
cikin wata rumfa a Balogun.
Fakewa na zo, ba ciniki ba.
Mai rumfar, Iya Ramota, na ɓarar dafaffiyar gyaɗa.
Ta auna ni da ido tun daga silifas har goshi,
ta miƙe, ta zaro yadi daga can ƙasan tari,
ruwan ɗorawa da zanen shuɗin ganye,
ta yafa min ba neman izini.
Da Hausarta ta kasuwa ta ce,
"Allah ya ba ka tsawo, kai kana ɓoye.
Wannan zane, gajere ba ya iya ɗauka."

Na ce ya cika ihu.
Ta ce, "Eko ma ihu ne."
Na biya da kuɗin cefanen mako,
na sha garin kwaki har Alhamis.

Ɗanjuma tela, a bakin layin dogo,
ya buɗe min littafin samfuri, na rufe shi.
Na ce doguwa, har idon sawu.
Hannu ya kai wuyan hannu,
abin da riga ba ta taɓa yi min ba.
Kada ka manna dutse ko ɗaya.
Sannan aljihu biyu, masu zurfi.
Ya sauke tabarau: "Aljihu? A rigar mata?"
Na ce waya da makulli da hannuwana
sun gaji da rashin masauki.

Ya yi alkawarin Talata.
Tela ne, na karɓa Lahadi.

Litinin na fito da shuɗin mayafi.
Gari bai tsaya ba, ba wanda ya yi tuntuɓe,
Oshodi na nan da hayaƙi da oda.
Wuyana ne kawai ya miƙe,
sai ga wani bene mai koren taga,
da wata tsohuwa tana ba shuka ruwa a sama,
a hanyar da na bi sau dubu ina ƙirga kwalbati.

A mota na zauna da dukan tsawona.
Da za mu sauka na ce, "Canjina, ɗari biyu."
Muryar ta ba ni mamaki.
Ya miƙo, har da "Anti" a kai.
Na jefa a aljihu, na bar hannuna a ciki.

Yanzu akwai ruwan goro a akwatin, akwai kore shar,
akwai adire da na sa aka yi wa wuyan gida.
Wata ta yi kyau, wata ta zama labule.
Toka ɗaya na bari saboda ranar wanki.
Jiya Bisola ta leƙo aron mayafi,
ta tsaya ta ɗaga kai tana kallona.

Falwaya suka ce.
To, na amsa.
Ai ita ke ɗauke da wutar unguwa.